Makarantar da Ta Ƙi Ɗaukar Bakanike

Ya-fi-sabo ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran janareto da injin ban ruwa a wani ɗan shago bayan layin masu sayar da kayan gyara, kuma duk injin da ya fita daga hannunsa sai ya ɗan bubbuga murfinsa ya ce wa mai shi ya tafi da abinsa, yanzu ya fi sabo. Tun ana dariya har sunan ya bi shi, na yanka ya ɓace. Matarsa ma in tana jin tsokana haka take kiransa, in kuwa maganar gaske ce sai ta ce Baban Auta.

'Ya'yansu biyu ne. Babban, namiji, ya tafi karatu wata ƙasa da cewa shekara biyu zai yi ya dawo. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba lalacewa ya yi ba, a'a, yaron kirki ne, ya samu aiki, ya yi aure a can, yana kira duk ƙarshen mako. Amma ai murya ba ta zama kusa da kai ku ci abinci. Ga jikoki biyu da kakansu bai taɓa ɗora su a cinya ba, sai dai a miƙa musu waya su ce sannu su gudu.

Sai Auta, wadda ita ce hasken gidan. Injiniya ce a ma'aikatar ruwa ta garin. Kullum da safe sai ta biya ta shagon uban ta ajiye masa shayi a fulas, da yamma kuma ta biyo su taho gida tare, tana ba shi labarin famfon da ya ƙi tashi, shi kuma yana gaya mata abin da yake zargi tun bai ga famfon ba. Sau da yawa ma shi ke da gaskiya.

To, ran wata Lahadi suna cin abincin rana, Auta ta ajiye cokali ta ce tana da magana. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin digiri na biyu, har da tallafin da zai ɗauke mata mafi yawan nauyin. Mako uku suka ba ta ta ce tana zuwa ko ba ta zuwa. Uwar ta yi murna a baki, ta kalli mijinta ta gefen ido. Shi kuwa ya daɗe yana tauna loma ɗaya, sannan ya tambayi sunan karatun. Ta ce injiniyancin tsare-tsare ne. Ya ce ta yi masa bayani da harshen mutane.

"Baba, kai famfo ɗaya ake kawo maka ka gyara," in ji ta. "Ni kuma so nake in san yadda famfon, da tankin, da wutar da ke juya shi, da mutumin da ke kunnawa, da takardar da ake rubuta masa umarni za su zama bakinsu ɗaya. A wurinmu kowane inji lafiyarsa ƙalau, amma ruwa ba ya isa unguwannin tudu. Babu wanda ya lalace, sai dai ba sa jin maganar juna."

Ya gyaɗa kai, don ya gane, kuma abin ya burge shi, wannan ne ma ya ƙara masa nauyin zuciya. Sai ya tambaya ko ba a yin irin wannan karatu daga gida, tunda ya ji yanzu mutane na karatu ta intanet suna zaune a ɗakinsu. Ta ce ana yi, ta duba. Masu kyau kuɗinsu ya fi ƙarfin albashinta nesa ba kusa ba, masu araha kuwa yawanci takarda kawai suke sayarwa, wadda ko ma'aikatarsu ba za ta kalla ba. Ta ƙara da cewa, tana ɗan murmushi, da za a samu ta gaske wadda albashinta zai iya ɗauka, me zai kai ta ƙasar sanyi ta bar su?

Ita ta faɗa ta wuce. Shi kuwa ya ɗauke ta kamar an kawo masa inji an ce gobe za a zo karɓa.

Jikin shagonsa akwai shagon wata dattijuwa mai buga takardu a kwamfuta, wadda kowa ke kira Sakatariya, don ta yi shekaru tana wannan aiki a wani ofis kafin ta yi ritaya. Mace ce mai baki, ita da Ya-fi-sabo kullum cikin faɗan wasa suke, ta ce hayaƙin janaretonsa zai kashe ta, ya ce ai da janareton nan take cin abinci. Washegari ya wanke hannu da omo har sau biyu, ya shiga shagonta ya zauna a bakin benci kamar mai jiran likita. Ta tambaye shi ko wasiyya ya zo rubutawa. Da ya gaya mata abin da ke tafe da shi sai ta daina wasa, ta gyara tabarau, ta jawo masa kujera kusa da ita.

Suka buga sunan karatun, makarantu suka zubo kamar an ɓare buhu. Kowace da hoton dogon bene da koriyar ciyawa da matasa suna dariya riƙe da littattafai. Kowace ta ce ita ce ta fi, kuma ita ce mai sauƙi. Kwana uku suna wannan aiki tsakanin zuwan masu buga takarda. Waɗanda Sakatariya ta san sunansu, da an kai wurin kuɗi sai su biyun su kalli juna ta rufe shafin. Aka bar guda tara masu araha, ya sa ta rubuta masa sunayensu a bayan kwalin fulogi.

A nan ya tsaya cak. Shi a rayuwarsa bai taɓa sayen abin da bai riƙe a hannu ba. Boris ko fistin, sai ya auna nauyinsa a tafinsa, ya juya shi, ya ga yadda aka yanke ƙarfen, kafin ya san na gaske ne ko jabu. Wannan kuwa ta ina za ka riƙe shi? Ya ce wa Sakatariya duk fuskarsu ɗaya, kamar kwalayen kayan jabu, waɗanda sukan fi na gaske sheƙi. Ta ce to ai sai ya haƙura, araha ba ta ado.

Ya koma shagonsa yana kwance wani inji, hankalinsa ba a kai ba. Yana cikin haka sai ya tuna wata dabara da ya daɗe yana yi a layin masu kayan gyara. In sabon ɗan kasuwa ya buɗe shago, Ya-fi-sabo ba ya fara sayen komai a wurinsa. Sai ya je ya tambayi wani ƙarfe da babu shi a duniya, ya ƙirƙiro lamba daga kansa ya faɗa da fuskar gaske. Wanda ya duba ya ce bai san wannan ba, babu, to shi ne abokin ciniki. Wanda kuwa ya ce akwai, zauna yanzu a ɗauko daga sito, to ko ruwa ba zai ƙara sha a shagonsa ba.

Ya ajiye sifana ya koma wurin Sakatariya da baƙin mai a hannu, ya ce ta rubuta wa duka taran wasiƙa. Ba da sunan Auta ba, da sunansa. Ta rubuta gaskiya tsantsa: shi bakanike ne, shekararsa sittin da biyu, karatunsa bai wuce aji shida na firamare ba, yana son a ɗauke shi digiri na biyu a injiniyancin tsare-tsare, kuma kuɗinsa na hannu.

Sakatariya ta cire tabarau ta dube shi. "Kai da ko sunanka sai ka yi hutu a tsakiya kafin ka gama rubutawa?"

"Shi ya sa. Ki rubuta."

Ta rubuta tana dariya har da hawaye, ta saka lambar wayarsa a ƙasa, ta tura.

Kafin ya rufe shago ran nan biyu sun amsa. Suna taya shi murna, sun ce irinsa suke nema, gogewar aiki ta fi takarda, ya biya kafin Juma'a a rage masa. Washegari wasu uku suka biyo. Ɗaya har ta aiko da hoton takardar shaidar da zai samu, da sunansa a kai cikin ruwan zinare. Wayarsa ta hana shi aiki, wani saurayi mai zaƙin murya yana ta kiransa da injiniya. Sakatariya ta samu abin tsokana, duk wanda ya shigo shagonta sai ta ce ya leƙa ya gai da Farfesa. Shi dai yana jan layi a kan sunaye a bayan kwalinsa. Ta shida ta ce za ta ɗauke shi in ya ƙara wani abu a yi masa digirin farko a haɗe. Ya ja mata layi biyu. Guda biyu ba su amsa ba sam.

A gida bai ce komai ba. Matarsa ta lura ba ya cin abinci sosai, ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce aiki ne. Ta san ba aiki ba ne, amma ta bar shi. Da yamma in suna tafiya gida da Auta, yakan rage sauri ba tare da ya sani ba, har ta ce Baba yau ƙafar ce? Ya ce a'a. Lissafi yake yi a ransa na sauran yammacin da suka rage masa in abin bai yiwu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Ana saura kwana biyar wa'adin Auta ya cika, ta taran ta amsa. Sakatariya ce ta leƙo ta kira shi, ba da Farfesa ba, da sunansa na kullum. Wasiƙar gajeriya ce. Wata mata daga ofishin ɗaukar ɗalibai ta gode masa, ta ce suna girmama shekarun da ya yi yana aiki, amma ba za su iya ɗaukarsa ba. Karatun yana buƙatar digirin farko a fannin injiniya da lissafi mai zurfi, kuma ba daidai ba ne su karɓi kuɗinsa a kan abin da ba zai amfane shi ba. In yana da wani nasa da ya cika sharuɗɗan, ga abin da ake buƙata.

Ya sa ta karanta masa sau uku. Wai ka ga mutum an ƙi shi yana washe baki kamar an yi masa bushara. Ya ce wannan ita ce ta gaske, tunda ita ce ta ce babu.

Amma bai tsaya nan ba. Ya sa Sakatariya ta nemo jerin makarantun da hukumar tantance jami'o'i ta amince da su, suka bi da yatsa har suka ga sunanta. Suka duba kuɗin. Ba a biya gaba ɗaya, darasi-darasi ake biya, mutum ya ɗauki ɗaya ko biyu gwargwadon ƙarfinsa, ya yi aikinsa da rana ya yi karatu in ya tashi. Albashin Auta zai ɗauka, in an ɗan matse. Sakatariya ta buga masa komai a takarda, shafi huɗu, ta saka a sabon ambulan, ta ƙi karɓar ko kwabo. Ta ce in Auta ta gama, a ba ta aron hular kammala karatun ta ɗauki hoto.

Bai iya jiran yamma ba. Ran nan Auta na hutu, tana gida. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba sai ran da aka haife ta. Ya same ta a falo tana guga, uwar na tsintar wake a tire. Ya miƙa mata ambulan ɗin ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Ta zare wayar dutsen gugar ta karanta a tsaye. Ya ba su labarin wasiƙu taran, uwar ta yi dariya har ta dafe ƙirji, ta ce ashe da Farfesa take zaune ba ta sani ba. Auta ma ta yi dariya, amma idonta na kan takarda. Ta ɗauko kwamfutarta ta duba da kanta, ta shiga nan ta fita can, ta karanta sunayen malaman da darussan. Ta daɗe. Sannan ta rufe kwamfutar a hankali ta ce ta gaske ce, ba ta san yadda aka yi ta tsallake ta ba, kuma za ta iya biya. Ta ce ta gode. Ta ce gobe za ta rubuta wa waɗancan ta ce ba ta zuwa.

Ta mayar da wayar dutsen, ta ci gaba da guga. Riga ɗaya ta yi ta bi, ta juya ta, ta sake bi, rigar da ta riga ta miƙe tun ɗazu. Uwar ta daina tsintar wake.

"Auta," in ji shi. "Zo ki zauna."

Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kamar yadda take yi tana ƙarama. Ya ce ta gaya masa gaskiya. Ta ce ai ta faɗa, magana ce ta yi a gabansa da gaban Mama, ba za ta janye ba. Ya ce ba abin da ta yi alkawari ya tambaya ba.

Da ta buɗe baki, ƙasa take kallo.

"Baba, ran nan na faɗa ne don kada ranka ya ɓaci. Ban zaci akwai ba, ban kuma zaci za ka nema ba." Ta ɗago kai. "Can suna da wani ɗaki da aka gina tsarin ruwan gari guda a ciki, ƙarami, da famfunansa da komai, ka taɓa nan ka ga abin da zai faru can. Shekara uku ina kallon hotonsa. Ina so in tsaya a cikinsa, in yi gardama da mutanen da suka fi ni sani ido da ido. Amma ina ganin yadda kake yi in Yaya ya kashe waya. Zan zauna. Wannan ma karatu ne mai kyau."

Gaskiya ta faɗa, karatu ne mai kyau, shi ya fi kowa sani tunda shi ya gwada shi. Kuma ya san da zai ce to shi ke nan, za ta zauna, ba za ta taɓa yi masa gori ba, za ta ci gaba da kawo shayi da safe. Abin da ya yi kwana goma sha shida yana nema ga shi a tafin hannunsa, rufe hannun kawai ya rage. Ya kalli matarsa. Ita kuwa ta mayar da ido kan tire, ta bar masa kayansa.

Ya tambayi Auta wata nawa ne karatun na can. Ta ce goma sha takwas, kuma wallahi da ta gama... Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Kada ki sa mini rana. In kin sa, ƙirga zan yi ta yi. Ki rubuta musu kina zuwa."

Ta ce Baba. Ya ce ta rubuta yanzu, yana zaune, kafin ya sake tunani, don shi ma bai yarda da kansa ba zuwa gobe. Ta buɗe kwamfutar, ta yi layi uku. Ta dube shi. Ya gyaɗa kai. Ta tura. Uwar ta tashi da tirenta ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Aka bar su su biyu a falo. Can ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, wadda gilashinta ya tsage a kusurwa, ya juya ta a hannu. Ya ce ya ji ana kiran da ake ganin fuska, shi bai taɓa yarda ya koya ba, yana ganin wasan yara ne. Ya ce ta koya masa tun tana nan.

Ta share ido da bayan hannu ta karɓi wayar. Ta nuna masa inda zai taɓa in ta yi ƙara, da yadda zai riƙe ta daidai fuska, ba a kunne ba. Ya gwada, babban yatsansa mai kaushi ya danna wurare biyu a tare. Ta ce a hankali, ba ƙusa yake bugawa ba. Sannan ta ce ya zauna nan, za ta shiga ɗakinta ta kira shi su gani.

Ta shiga ta turo ƙofa. Wayar ta yi ƙara a hannunsa, ya taɓa koren kamar yadda aka ce. Sai ga fuskarta, ƙarama, idanun sun yi ja, labulen ɗakinta a bayanta. Muryarta na zuwa masa sau biyu, ɗaya ta waya, ɗaya ta bango.

"Kana ganina, Baba?"

"Ina ganinki."

"Ka ɗan ɗaga, goshinka kawai nake gani. Yauwa. To haka ake yi. In an gama sai ka danna jan nan na ƙasa."

Ya ga jan. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya matso da ita kusa.

"Bari tukuna," in ji shi.